Ƙwarƙwatar Ranar Litinin

Litinin, 3 ga wata, 2:15 na rana

An koro 'yata Tsigi daga makaranta. Su dai ba su ce kora ba, wai "hutun kwana biyar." To yarinya 'yar shekara takwas ta shigo mini shago da rana tsaka, jaka a baya, takarda a hannu, ido ya yi jawur, mene ne sunan wannan in ba kora ba?

Takardar ta ce ƙwarƙwata. Har da ja wa kalmar layi biyu, kada in kasa gani. Daga ƙasa shugabar makaranta ta ƙara da jan biro: "Shawararmu a aske."

A aske wa? Gashin da uwarta ta yi shekara takwas tana tattali, tana shafa masa mai, tana hana ni ko taɓawa? Ba za a aske ta ba. Na rubuta a nan don in riƙa gani.

Littafin aiki ne wannan, wanda nake rubuta agogon mutane da abin da ke damun kowanne. Na juyo shi ta baya. Shekara ashirin da biyu ina gyaran agogo, abin da bai kai rabin ƙwarƙwata ba na sha ɗauka da hantsaki in mayar da shi mazauninsa. Ƙwaro ba zai gagare ni ba.

Litinin, 7:30 na yamma

Ashe tsifa aiki ne. Awa ɗaya da rabi kafin in warware kitson, tana "wash Baba," ina "yi haƙuri." Na taho gida da fitilar tebur da madubin da nake maƙalawa a ido. Layi-layi na bi, daga goshi zuwa ƙeya, duk wadda na kama in jefa ta a farin faranti mai ruwa. Arba'in da ɗaya. Manya tara, sauran ƙanana. Ƙwai kuwa ba a magana, sun manne a gindin gashi, musamman bayan kunne.

Ta ce, "Baba, ni ƙazama ce?"

Na ce wa ya faɗa. Ta ce 'yan ajinsu, tun da malama ta ɗage mata ɗankwali da rula a gaban kowa. Da rula! Na ce, "Ke ba ƙazama ba ce, jininki ne ya yi musu daɗi." Ta ɗan murmusa. Ni kam raina a ɓace yake har yanzu.

Talata, 4 ga wata, 1:00 na rana

Mai kemis ya ba ni magani a kwalba da wani mataji mai ƙananan haƙora. A shafa, a bari, a wanke, a maimaita bayan mako guda. Yana bayani yana ja da baya, sai ka ce daga kaina za su yi tsalle.

Mai aski, maƙwabcin shagona, ya leƙo. "Mai agogo, me ya yi zafi? Kawo ta, minti biyar, ƙwal! Gashi ai fitowa yake." Na ce ya je ya aske 'ya'yansa. Ya ce to a gwada kananzir. Na ce in zuba wa 'yata kananzir a ka, fitila ce ita? Ya koma yana dariya. Mutumin kirki ne, amma duk matsalar duniya a wurinsa reza ce maganinta.

Laraba, 5 ga wata, 6:50 na yamma

Na kai ta wurin mai kitson layinmu. Ta ce hannunta ke ciwo. Da na biyo ta ƙofarta da la'asar hannun ya warke sarai, tana kan wata yarinya tana hira.

Ba komai. Na kasa gashin gida huɗu na ɗaure da roba. Tsigi ta duba madubi ta daɗe, sannan ta ce, "Baba, ka iya gyaran agogo sosai." 'Yar nema! Bakin uwarta ta ɗauko.

Yau goma sha ɗaya, duk ƙanana.

Alhamis, 6 ga wata, 4:40 na yamma

Yaya ta zo. Ban kira ta ba, labari ne ya je mata, dangin nan namu ba sa riƙe magana. Ita ta goye ni ina jariri, shi ya sa har gobe Auta take ce mini, da furfurata da komai.

A bakin ƙofa ta tsaya. "Auta, tun farko na gaya maka. Namiji ba ya riƙon 'ya mace. Ga shi nan ya fito a kanta."

"Yaya, ƙwarƙwata ce fa. Naki 'ya'yan ba su taɓa yi ba?"

"A gidana? Allah ya kiyaye. Haɗa mata kayanta. In aske ta, in wanke ta, ta zauna cikin 'yan'uwanta har Allah ya kawo sauƙin wancan lamarin."

Wancan lamarin. Haka kowa ke kiransa yanzu. Ni ma haka nake kiransa.

Gidan Yaya tafiyar awa huɗu ce a mota. Na ce in ta tafi, wa zai riƙa kai ta wurin uwarta a asibiti ranar Lahadi? Ta ce dama bai kamata a riƙa kai yarinya irin wannan wurin ba. Nan fa na ji kaina ya ɗau zafi. Na ce ba inda za ta. Ta ce ta ba ni zuwa Asabar, ashirin da tara ga wata, za ta dawo ta duba da idonta, in ta ga ko guda ɗaya da yarinyar za ta koma, kuma duk dangi suna bayanta. Na ce ta taho da tabarau.

Tsigi tana bayan labule. Ta ji komai.

Juma'a, 7 ga wata, 7:00 na yamma

Uku, ƙanana. Ba za a aske ta ba, kuma ba inda za ta.

Asabar, 8 ga wata, 7:15 na yamma

Babu ko ɗaya. Na bi sau biyu. Ƙwan ma na zare su ɗaya-ɗaya da hantsaki, in ka matse mai rai tsakanin farce sai ka ji ƙas, in fanko ne shiru. Wallahi daɗin wannan ƙas ɗin ya fi na agogon da ya tashi.

Lahadi, 9 ga wata, 6:30 na yamma

Mun je. Mun kai wa uwarta abinci. Ta ci kaɗan. Tsigi ta haye gadon kamar kullum tana yi mata raɗa, ni na tsaya wajen taga. Agogon bangonsu yana latti da minti bakwai. Mun dawo.

Litinin, 10 ga wata, 7:20 na yamma

Ta koma makaranta da safe, ina tafe a bayanta ina hura hanci. Yanzu na duba don in tabbatar kawai.

Bakwai. Duk manya, ƙosassu, suna yawo a kan 'yata kamar sun biya haya.

Daga makaranta ne. Ina kuma? Yini ɗaya ta yi a cikinsu. Gobe za su ji ni.

Talata, 11 ga wata, 11:30 na safe

Na je da farantina a leda. Na ajiye wa shugabar makaranta a kan tebur na ce ga kayanku, jiya da safe kan 'yata tas yake. Na ce a tara 'yan ajin a duba, ni zan duba kyauta, ga madubina. Ta ture farantin da bayan biro. Ta ce sun duba kowa tun makon jiya, tawa ce kaɗai.

Sai ta sassauta murya. "Malam, mun san halin da ake ciki a gida. Ba mai ganin laifinka."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Wannan muryar ita ce ba na so, muryar da ake yi wa mutum a gidan gaisuwa. Na ce gidana lafiya ƙalau yake. Ta ce sai yarinya ta yi kwana bakwai cur babu komai kafin ta dawo. Na ɗauki farantina, na kama hannun 'yata.

Mun fito Tsigi ta ce, "Baba, ka manta ba ka yi sallama ba." Na ce ban manta ba.

Laraba, 12 ga wata, 5:45 na yamma

Ban buɗe shago ba. Na ɗora babbar tukunya. Zanen gado, rigar filo, ɗankwalaye, tawul, labule, hulunana duka, har 'yar tsanarta, ba abin da bai sha tafasasshen ruwa ba. Katifa na fitar rana. Igiyar shanya ta cika na ɗaura ta biyu. Matan layi suna leƙe ta saman katanga, na ɗaga musu hannu na ce sannunku da aiki.

Ina sauko da kaya daga saman kabad na ci karo da jakar haihuwar nan. Na manta a nan na cusa ta. 'Yan riguna, 'yan safa, hula kamar tafin hannuna, ko takardar kanti ba a cire musu ba. Waɗannan ba sa bukatar tafasawa, jaririn bai rayu ba, ba kan da ya taɓa shiga cikinsu. Na mayar da ita inda take.

An sake shafa magani. Huɗu.

Alhamis, 13 ga wata, 12:10 na rana

Na zauna a kujerar mai aski na ce ya kwashe nawa duka, ko a kaina suke ɓuya. Ya ce, "Ka ga, an fara zuwa hanya. Saura ƙaramar." Na ce ya yi aikinsa ya yi shiru. Ya duba gashin da ya zubo da kyau, ya ce ba komai ciki sai furfura da taurin kai.

Asabar, 15 ga wata, 7:00 na yamma

Babu. Jiya ma babu. Yaya ta bugo waya sau biyu, ban ɗauka ba.

Lahadi, 16 ga wata, 6:40 na yamma

Mun je. Mun dawo. Lattin agogonsu minti tara yanzu.

Litinin, 17 ga wata, 6:55 na safe

Biyar. Manya.

Ba ta je makaranta ba fa. Ba ta je ba! To daga ina? Daga sama suke saukowa?

Litinin, 1:30 na rana

'Ya'yan gidan da ke kallonmu ne. Ranar Asabar na gan ta da su a dakali, kai da kai, suna kallon waya. Na ce mata daga yau ba ita ba su. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta fasa. Na yi mata tsawa na ce ko ba ta ji ba. Ta ce ta ji.

Ban taɓa yi mata irin wannan tsawar ba. Na ji kunya, amma ban janye ba.

Laraba, 19 ga wata, 3:00 na rana

Kwana uku ke nan tana shago tare da ni, daga buɗewa har rufewa. Na ba ta wani mataccen agogo da ƙaramin sukundireba, ta wargaza shi kaf, ta jera kayan cikinsa a murfin gwangwani daga babba zuwa ƙarami. Ban koya mata ba. Yaya ta ce namiji ba ya riƙon 'ya mace. Ta zo ta ga jeren nan tukuna.

Wani ya kawo agogo, ya ga tana susa, ya ce zai dawo. Allah ya raka taki... a'a, ba zan ɓata biro a kansa ba. Ya tafi da agogonsa ya ci gaba da latti.

Alhamis, 20 ga wata, 7:10 na yamma

Biyu, ƙanana sosai, sabon ƙyanƙyasa. Na tambayi mai kemis kwana nawa ƙarama ke yi kafin ta zama babba. Ya ce ya fi mako guda. Na rubuta.

Na gaji. Bayana ciwo, idon da nake maƙala madubi ya yi ja. Amma ba za a aske ta ba.

Asabar, 22 ga wata, 6:45 na yamma

Babu. Na bi sau uku, da fitila, da madubi, gashi-gashi. Ba ta taɓa kan kowa ba tun Litinin. In akwai kai mai tsabta a garin nan to wannan ne. Saura mako guda Yaya ta zo.

Lahadi, 23 ga wata, 6:30 na yamma

Mun je.

Litinin, 24 ga wata, 7:00 na safe

Takwas. Manya.

Litinin, 12:40 na rana

Na zauna na karanta abin da na rubuta tun daga uku ga wata. In aka kawo mini agogon da kullum a ƙarfe ɗaya yake tsayawa, ba na zargin injin gaba ɗaya, haƙori ɗaya nake nema, wanda ke zuwa wurin a daidai wannan lokacin. Yaron da ya yi wata uku a sana'ar nan ya san haka. Ni na yi mako uku ina tafasa labule.

Asabar babu. Litinin manya. Babba ba ta girma a kwana biyu, daga wani kai take tahowa.

Na gani. Ba zan rubuta ba.

Talata, 25 ga wata, 7:30 na yamma

Ina taje mata kai, ta ba ni baya, shi ya sa na iya tambaya.

"Tsigi, Mama tana susa?"

Sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Kullum," in ji ta. "In na kwanta a jikinta ina ganinsu a wuyan rigarta."

"Tun yaushe?"

"Tun da daɗewa."

"To me ya hana ki gaya mini? Kina kallo na je na yi rashin mutunci a makaranta, na raba ki da ƙawayenki, na aske kaina."

"In na faɗa za ka daina kai ni. Gwaggo ma ta ce a daina." Ta share hanci da bayan hannu. "Baba, gara a aske ni."

Na ajiye matajin. Na ce ta juyo ta dube ni. Na ce ba mai aske ta, ba mai hana ta ranar Lahadi, ko Yaya, ko shugabar makaranta, ko likitan da kansa. Na ce kuma gobe ta je ta yi wasa da ƙawayenta, ni na yi musu ƙage.

Mako tara ina kai wa matata abinci a asibitin ƙwaƙwalwa. Na san agogon ɗakin, na san taga, na san ƙarafan tagar guda shida ne. Ban taɓa duban kanta ba. Fuskarta ma ba na iya duba, don ba ta dubana, bango take kallo. Yarinya 'yar shekara takwas ta fi ni ƙarfin hali, wannan ita ce gaskiyar.

Laraba, 26 ga wata, 7:50 na yamma

Na rufe shago ƙarfe uku, na bar Tsigi a gidan da ke kallonmu, bayan na ba uwarsu haƙuri. Na zuba kayan aiki a jaka na tafi asibitin ni kaɗai.

Nas ɗin ta ce, "A'a, Malam, yau Laraba." Na ce na sani, an ce manya na iya zuwa dubiya kowace rana daga huɗu zuwa shida. Ta ce haka ne, ba ta dai taɓa ganina ba ne. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta sauke numfashi. Ta ce su biyu ne a kan mata talatin, kuma tun ranar da aka kawo matata ba ta yarda a taɓa mata kai, in an matsa sai ta ƙanƙame ɗankwalin ta yi ta makyarkyata. Ta ce sun so su gaya mini, amma ba na tsayawa. Ban yi musu ba.

Na zauna a bakin gadon. Yau ne na fara zama. Na kai hannu, ta cafke mini wuyan hannu, da ƙarfi kuwa, ban san tana da sauran wannan ƙarfin ba. Ban ja ba, ban matsa ba. Na ce, "Ni ne." Mun fi minti goma a haka. Sannan ta saki.

Kitson nan ne. Wanda aka yi mata kwana biyu kafin mu tafi asibiti da waccan jakar, ta ce tana so in an zo barka a same ta fes. Shi ne har yau. Ya cukurkuɗe ya zama dunƙule, fatar kan duk ta yi ƙuraje saboda susa. Abin da ke ciki ba zan ƙirga ba. Nas ta leƙo ta ce, "Inna lillahi. Wannan sai reza, Malam." Na ce ita ma ba za a aske ta ba.

Ba wurin jona fitila. Wata tsohuwa ta gadon kusa ta karɓi wayata ta haska mini har aka tashi. Sauran matan sun zagaye mu suna kallon namiji yana tsifa. Su kalla. Na jiƙa da mai, na riƙa warwarewa da tsinke kaɗan-kaɗan daga ƙarshe zuwa gindi. Awa biyu, layi uku na gama. Sun kai goma sha biyar.

Ba ta ce komai ba. Amma ba ta janye kan ba.

Alhamis, 27 ga wata, 7:40 na yamma

Layi shida. Wuri ɗaya ya gagara, na sa almakashi, bai fi kan yatsa ba. Na nemi gafararta kafin in yanke. Tsohuwar ta sake riƙe wayar. Nas ta ce in zan iya in duba mata wasu biyu, na ce in na gama da tawa.

Mai aski ya ce masu agogo sun yi ta zuwa suna tarar da kwaɗo. Na ce su duba rana.

Juma'a, 28 ga wata, 7:45 na yamma

Na gama tsifa. An shafa magani, nas ta taya ni wankewa. Ƙwai suna nan jingim, aikin mako biyu ne ko fi. Da ruwan ɗumi ya sauka a kanta ta lumshe ido.

Gobe Yaya.

Asabar, 29 ga wata, 5:20 na yamma

Ta zo ƙarfe goma sha ɗaya, da tabarau kuwa, da jakar da za a zuba kayan yarinya. Ta zaunar da Tsigi a tsakar gida cikin rana ta yi ta tona kai kusan awa guda. Ina tsaye. Har ta fara gajiya, sai ta ce, "Yauwa!" Ta miƙo mini a kan farce. 'Yar mitsitsiya, ko ni da ƙyar na gan ta.

"Ga ta, Auta. Magana ta ƙare."

"Na gani. Ba inda za ta."

"Ba haka muka yi da kai ba."

"Ke kika yi, Yaya. Ni tabarau kawai na ce ki taho da shi."

Na ce Tsigi ta shiga ɗaki. Sannan na gaya mata daga inda suke zuwa, ban rage komai ba. Ta dafe ƙirji. Ta ce shi ya sa tun farko ta ce a daina kai yarinya. Na ce gobe ma zan kai ta, ta hau gadon, ta sa kanta a jikin uwarta, ta kwaso abin da za ta kwaso, Litinin in zauna in cire. Na ce ko shekara za a yi a haka, hantsakina bai gaji ba. Makaranta su jira, dangi su yi taro.

Ta ce, "Yanzu mako tara ba wanda ya tsefe wa baiwar Allahn nan kai?"

Na ce, "Ni ban duba ba. Ke kin je?"

Ta cire tabarau ta goge shi da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Ta ce ni dama tun ina yaro ba na jin magana. Ta ce za ta gaya wa manya, su suka san yadda za su yi da ni. Ta ɗauki jakarta yadda ta zo da ita. Na raka ta har tasha, sai da mota za ta tashi ta leƙo ta ce ƙarfe nawa ake shiga wurin. Na gaya mata.

Ban sani ba ko na yi nasara. Na dai san Tsigi tana ɗaki tana jera kayan agogo.

Lahadi, 30 ga wata, 7:00 na yamma

Mun je tare. Tsigi ta haye gadon, ta dube ni, na ce kwanta abinki. Ta yi raɗarta ta gama, sannan ta karɓi aikin haska waya daga hannun tsohuwar. Na fara zare ƙwai daga gaban goshi.

Ruwan farantin ya ƙazantu, na aike ta ta zubar ta ɗebo wani. Tana fita na ji murya. Na ɗauka daga wani gadon ne, don ta dishe, ba irin wadda na sani ba.

"Tsigi ta ce Yaya za ta tafi da ita."

Matata ce. Ashe duk raɗar nan tana shiga. Mako tara da kwana huɗu ban ji muryar nan ba. Na ji tsoron in yi motsi ta koma.

Na ce, "Ta zo jiya. Ta koma ita kaɗai."

Har yanzu bango take kallo.

"Kada ka bayar."

"Ban bayar ba."

"Ita kaɗai gare mu."

"Na sani. Ban bayar ba, ba zan bayar ba."

Na ɗauka shi ke nan. Sai ta ɗago hannu a hankali, ta kama yatsana, ta kai shi bayan kunnenta na hagu.

"Nan," in ji ta. "Nan suka fi cina."

Ta sunkuyar da kai. Madubin ya yi mini hazo, na cire shi na goge a riga, na mayar. Tsigi ta dawo da ruwa tana tambaya me ya samu idona. Na ce ta matso da hasken nan bayan kunne.